Sunana a Muryar Inna

Ni ɗan fari ne, kuma a ƙauyenmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana ya fito daga bakin Inna ba. Idan tana nemana, sai ta ce wa ƙanwata, "Je ki ce da yayanku ya zo." Idan babu kowa a kusa, sai ta yi gyaran murya, ta kalli wani wuri daban, ta ce, "Kai." Da aka yaye ni gidan kakata aka kai ni, can ƙarshen gari wajen tsohuwar rijiya, ban dawo gidanmu ba sai da na isa shiga firamare. Ko da maƙwabcinmu ya sa wa ɗansa irin sunana, Inna ba ta taɓa kiran yaron da shi ba. Yau shi ma magidanci ne, har da gemu, amma a wurinta yana nan a "mai sunan nan".

Mata da yawa suna kunyar ɗan fari, amma ta Inna daban take, har misali ake yi da ita. Idan yarinya ta yi haihuwar fari ta fara yi wa jariri wasa a gaban mutane, tsofaffi kan ce ta je ta ga yadda Inna take yi. Ita ake aika wa ta zo ta yi wa mai jego faɗa. Ba ta yi boko ba, ba ta taɓa wuce Kano ba, abin da take da shi a idon mutane shi ne wannan kunyar, kuma shekara arba'in da ɗoriya tana riƙe da ita.

Ni kuwa, gaskiya abin yana ci min rai. Ina yaro nakan tsaya ina jin yadda take ƙwala wa ƙannena kira da sunayensu, ko da zagi ne zai biyo baya, in ji ina ma ni ne. Da na girma na zama malamin makaranta, sai na mayar da ciwon musu. A majalisa nakan ɗaga murya in ce wannan al'ada babu ita a addini, duhun kai ne kawai. Abokaina su yi ta dariya, domin sun san ko ni ɗin ban isa in faɗi haka a tsakar gidanmu ba.

Wani abu kuma game da ni: ni ne masanin waya a garin. Wanda tasa ta ƙi kawo wuta, wanda ya manta lambar sirrinsa, wadda take son a tura wa ɗanta hoto a Legas, duk wurina ake zuwa. Abin ya shiga kaina sosai. A kakar da ta wuce, na shigo gida na tarar da Inna zaune a gindin rumbu tana koya wa matata yadda ake ajiye wake da toka don kada ya yi ƙwari. Tana juya waken tana bayani a nutse, har da 'yar tsokana. Na laɓe a bakin zaure na ɗauke ta bidiyo, wajen minti huɗu, ba ta sani ba. Na ɗora a shafina na sada zumunta, na rubuta cewa ga ilimin iyayenmu. Mutane suka yi ta yabo, ni kuma ina ta hura hanci. Da labari ya kai wa Inna, abin da ta ce wa matata kawai shi ne, "Ashe yanzu laɓe ake yi wa mutane." Na ɗauki wannan a matsayin yarda.

Da damina ta faɗi, gero ya kai gwiwa, takarda ta zo makarantarmu. Gwamnati za ta yi wa malamai bita ta kwana uku a Bici kan yadda mutum zai kare kansa a intanet, kowace makaranta ta turo mutum ɗaya, shi kuma ya dawo ya koyar da ɗalibai da iyayensu. Hedimasta bai ma yi shawara da kowa ba, ya miƙo min takardar. Na karɓa ina cewa a raina, su za su koya min waya?

Kwana biyun farko ban ji sabon abu ba. Kada ka ba kowa lambar sirrinka. Kada ka danna duk abin da aka turo maka. Kada ka tura labarin da ba ka tabbatar ba. Na zauna a baya ina hamma, ina lissafin noman da na bari a gona. A rana ta uku aka kawo wata matashiyar malama mai farin gilashi, da ganinta ka ga 'yar birni. Ta jona kwamfutarta da lasifika, ta ce yau maganar murya za a yi. Ta ce yanzu akwai manhajar da idan ta saurari muryar mutum na ɗan lokaci, za ta iya faɗin duk abin da aka rubuta mata da wannan muryar, kuma 'yan damfara sun fara kiran mutane da muryar 'yan'uwansu.

Ɗakin ya ɗauki dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Na miƙe na ce, "Malama, wataƙila muryar Turawa. Amma Hausar ƙauye, ta tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba? Na'ura ba ta isa ba."

Ta ce, "To mu gwada. Akwai mai muryar da za mu yi amfani da ita, wadda mai ita ya amince?"

Na ce akwai ta mahaifiyata.

"Ta amince?"

"Uwata ce fa."

"Ba abin da na tambaya ba ke nan, Malam."

Idanu duk suna kaina. Na ce ta amince. Ƙarya na yi, kuma na san ƙarya nake yi. Na zaro waya zan miƙa mata, ta ce in bar ta a aljihu, in gaya mata sunan shafina kawai. A gabanmu, a kan allon majigi, ta shiga shafin, ta sauke bidiyon waken kamar mai tsinko kuɓewa a gonar da ba shinge. Ta ce, "Kun ga ban taɓa wayarsa ba. Kowa a duniya zai iya yin abin da na yi yanzu." Tun a nan dariyata ta fara raguwa.

Aka jira na ɗan lokaci. Ta leƙo ta karanta sunan da aka maƙala min a ƙirji, ta rubuta wani abu, ta danna.

Muryar Inna ta cika ɗakin. Ita ce, har da 'yar dusashewar da take yi a ƙarshen magana. Ta kira sunana, sarai, sannan ta ce, "Ɗana, ina kake? Ka kira ni yanzu, ina nemanka."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ji bakina ya ce, "Na'am, Inna."

Aka tuntsire da dariya, sai kuma dariyar ta mutu, domin an ga fuskata. Na koma na zauna daɓas. Wani dattijon malami daga wajen Dawakin Tofa, wanda yake kusa da ni, ya dafa min kafaɗa ya ce a hankali, "Ɗan fari ne kai?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Shi ne ya yi wa malamar bayani. Baiwar Allah ta rikice, ta yi ta ba ni haƙuri, ta ce za ta goge yanzu yanzu. Laifin ba nata ba ne, suna ta gani a ƙirjina ta rubuta.

Abin da na yi bayan haka shi ne nake jin nauyin faɗa. Na gyara murya, na ce ta sake kunnawa sau ɗaya kafin ta goge, wai ina so in gano inda na'urar ta yi kuskure. Ta kunna. Hannuna yana ƙarƙashin tebur, wayata tana ɗauka. Ta goge nata a gaban kowa, ta rufe darasin da cewa murya da hoton mutum amana ne, kada mu fitar da na kowa sai da izininsa. Har rubuta wannan na yi a littafina, na ja masa layi.

A cikin bas, daga Bici har zuwa mahaɗar da ake sauka a hau mashin zuwa garinmu, wayar tana manne a kunnena. Na san ƙarya ce. Na ga lokacin da aka rubuta ta da yatsa. Amma duk sanda ta ƙare sai in mayar da ita farko, ina kallon gonaki ta taga don kada na kusa da ni ya ga idona.

Na dawo na fara aikin da aka turo ni. Ɗalibai ba su ba ni wahala ba, wasunsu ma sun riga ni sani. Maza na same su a ƙofar masallaci bayan Juma'a, suka saurara, suka ce Allah ya kyauta. Saura mata. Su aka ce in same su ranar Asabar da hantsi a islamiyyar matan aure. Na san Inna ba za ta je ba, domin duk inda zan tsaya in yi magana ba ta zama a wurin. Da na fara, ni da bakina na ce duk mai babbar waya ta ɗauki darasin, ta kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba.

Mata kuwa ba su ɗauke ni da muhimmanci ba. Wata tana ɓarar gyaɗar iri a cikin mayafi, wata tana rarrashin goyo, na baya suna hirar bikin sunan da za a yi. Da na zo kan maganar murya, wata tsohuwa, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, ta katse ni.

"Kai Malam, bar wannan zance. Ɗan da na haifa, na goya, a ce ƙarfe zai yi muryarsa ban gane ba? Ko tari ya yi a cikin mutum ɗari na san nasa."

Suka ce, "Wallahi kuwa!" Aka yi shewa. Wata ta ce boko ne ya yi min yawa.

Ina da saurin fushi, kowa ya san ni da shi. Raina ya ɓaci, kunnuwana suka yi zafi. Na ce, "Kun san muryar Inna?" Suka ce wane ne bai sani ba. Na ce, "To ku saurara." Na ƙure ƙarar wayar, na ɗaga ta sama, na kunna.

Mai ɓarar gyaɗa ta saki mayafi, gyaɗar ta watse a ƙasa. Sai salati ya tashi ta ko'ina. Ƙawar Inna ta dafe ƙirji tana cewa, "La'ilaha illallahu! Ita? Ita da bakinta? Har da ɗana?" Na ce su tsaya, ba ita ba ce, na'ura ce, abin da nake ta gaya musu ke nan. Na faɗa ya fi sau biyar. Wasu sun gyaɗa kai, amma idanunsu ba a kaina suke ba, juna suke kallo. Na fito ina murna wai darasi ya shiga, har na gaya wa hedimasta cewa an yi nasara.

Cikin wayoyin da suka ɗauki darasin, babu wadda ta kai wa kowa darasi. Wani ya yanke daidai wurin muryar, ya bar bayanina. Guntun ya shiga guruf ɗin dangi, ya fita ya shiga na 'yan kasuwa, ya je har wurin 'yan garinmu da ke ci-rani a kudu. Ranar kasuwar Tsanyawa na ji shi da kunnena yana tashi daga wayar wani mai sayar da taki wanda ban taɓa gani ba, mutane sun kewaye shi suna dariya. Na tsaya kamar an dasa ni. Muryar uwata ce a tsakiyar kasuwa, tana kiran sunana, kuma ni na kai ta.

Ƙanwata ce ta zo ta same ni a gona washegarin bikin sunan da matan nan suke hirarsa. Ko sallama ba ta yi ba.

"Yaya, me Inna ta yi maka?"

Ta ce suna zaune a gidan suna, an fara rabon abinci, sai wata abokiyar wasan Inna ta ce, "Ashe an daina kunya ba a gaya mana ba," ta zaro waya ta kunna a gaban mai jego da surukai da kowa. Inna tana jin muryarta ta fara kiran sunan, ta toshe kunne, ta miƙe, ta fita ba ko takalmi. Ƙanwata ce ta biyo ta da su. Tun daga lokacin Inna ba ta leƙa ko zaure ba.

Na jefar da fartanya na shiga gari. Gida gida na bi ina roƙon a goge. Na yi dogon saƙon murya na tura kowane guruf, na rantse da Allah cewa Inna ba ta taɓa faɗin wannan magana ba. Wasu sun goge a gabana, amma goge guda ɗaya ba ya rage komai. Abin da ya fi kashe min jiki shi ne amsar da na yi ta samu, daga mata har maza: "To Malam, mun ji na'ura ce. Amma na'ura ai abin da ta ji take maimaitawa. In ba ta faɗa ba, a ina ta ji?" Na yi bayani har muryata ta dushe. Kwana uku gwamnati ta zaunar da ni tana koya min yadda zan kare mutanen garinmu, na dawo ban iya kare mace ɗaya da ke cikin gidanmu ba.

Gida ɗaya muke da Inna, sashenta daban nawa daban, amma sai da na yi kwana tara ban iya tunkararta ba. Ta daina aiko min da ɗumame da safe ta hannun yara. An yi haihuwar fari a unguwarmu a cikin kwanakin, ba a aiko mata ba, wata aka kira. Matata ce ta gaya min wannan, tana faɗa tana kallon ƙasa.

A rana ta goma, bayan la'asar, na same ta a 'yar gonar kuɓewarta da ke jikin katanga ta cikin gida. Tana duƙe tana cire ciyawa, ta ba ni baya kamar kullum. Na tsuguna nesa kaɗan, na gaishe ta. Ta amsa a ciki. Na fara ba da haƙuri, na faɗi komai tun daga bidiyon wake, da ƙaryar da na yi a Bici, da ɗaukar da na yi a ɓoye. Na ce na'ura ce ta koyi muryarta daga maganar wake, wata malama ta rubuta kalmomin, ita Inna ba ta faɗi ko ɗaya ba.

Hannunta ya tsaya a kan ciyawar.

"Daga maganar wake?"

"Daga ita kaɗai, Inna."

"Ba wani wuri ka ɗauka ba?"

Na ce wane wuri kuma? Can sai ta ce, "Kunna in ji."

Na zaci ban ji daidai ba. Ta maimaita. Na ajiye wayar a kan kunyar kuɓewa tsakaninmu, na kunna. Muryarta ta kira sunana a cikin kuɓewa, ita kuma tana duƙe ba ta motsa ba. Da ta ƙare ta ce in sake. Na sake. Sai na ji ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta zauna a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi a gabana ba.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Ba ni ba ce."

"Ai abin da nake ta faɗa ke nan, Inna."

"A gidan suna ban tsaya na ji ba. Na zaci laɓe ka yi min da asuba, kamar yadda ka yi min a wajen rumbu. Na zaci addu'ata ka ɗauka ka kai kasuwa."

Ban gane ba da farko. Da maganar ta zauna min, sai na tambaye ta.

"Inna, kina faɗinsa?"

"Yo in ce wa Allah ya tsare wa? In ce ya tsare kai?" Ta nuna wayar da haɓa, har yanzu ba ta kalle ni ba. "Wannan abin muryar ya sata, amma bai iya ba. Ni ba haka nake faɗinsa ba."

Shekara da shekaru ina ƙorafi a majalisa cewa uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, ashe kullum sai ta kira shi, taku kaɗan daga inda nake kwana. Na so in tambaye ta yadda take faɗinsa. Tambayar ta zo har bakina, na haɗiye ta, domin na san ba ni ake faɗa wa ba.

Ta ce gobe za ta fita, akwai gaisuwar rashin lafiya da ta daɗe ba ta je ba, kuma duk wadda ta kunna mata wannan abu za ta tsaya ta ji shi har ƙarshe, ta tambaye ta ko shekarun da suka yi tare ba su isa ta gane ƙarya ba. Ta ce in goge na wayata, da na waken. Na goge su a nan inda nake tsugune. Na waken bai yi min wuya ba. Ɗayan sai da na rintse ido.

Ta koma ta duƙa kan ciyawarta, ta yi gyaran murya.

"Kai. Miƙo min kwandon can."

Na miƙa mata.

Har yau abin yana yawo a wayoyin mutane, lokaci lokaci yakan dawo min daga wanda bai san ni ne mai sunan ba. Idan an gayyace ni makarantun maƙwabta in yi bayanin tsaro a intanet, ina zuwa, amma ba na kunna muryar kowa, labarin kaina nake ba su. Hanyar fita masallaci daga sashena tana bi ne ta jikin tagar Inna, kuma da asuba nakan hango fitilarta a kunne. Tun daga ranar nan na daina bi ta wajen, ta ƙofar garken awaki nake zagayawa.